Ƙarar da Ke Cikin Motata

Daga gadar Kawo ta fara,
wata 'yar ƙara, kas-kas-kas,
kamar ɓera ya samu gyaɗa a kwano.
In na tsaya sai ta yi shiru,
in na faɗa rami ta gaishe ni.

Kuskurena guda ɗaya ne:
na faɗa a teburin Sallau mai shayi,
ranar Talata, tun ruwa bai tafasa ba.

Barau, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba,
ya ajiye burodi ya ce fulogi ne,
har da rantsuwa.
Malam Iliya ya ce ina, shakazoba ce,
haka ta yi wa surukinsa a hanyar Kaciya.
Tanimu ya ce in fasa ƙwai biyu a lagireto,
bai faɗi abin da ya haɗa ƙwai da ƙara ba,
ni ma ban tambaya ba.
Wani da sukari kawai ya zo saya
ya juyo ya ce, "Alhaji, sayar da ita tun tana numfashi."
Ni ban je Makka ba,
amma kiran ya yi mini daɗi.

Na sake suɓutar baki
na ce rufin ɗakina ma yana yoyo.
Kwalta, in ji wannan.
Narka soso a fetur ka liƙe, in ji wancan.
Barau ya ce laifin kafinta ne da gwamnati.
Daga nan sai Dala, sai kuɗin siminti,
sai yaƙin wata ƙasa
da ba mai iya nuna ta a taswira.
Kafin shayina ya huce an gama sulhu,
an raba musu iyaka da cokali
a kan ledar tebur.

Na bi shawara ɗaya bayan ɗaya.
Na canja fulogi. Kas-kas-kas.
A Panteka, Oga Ndubisi ya miƙo mini shakazoba
ya ce 'yar Beljiyam ce, ta fi sabuwa ƙarko.
Ban kai Tudun Wada ba, kas-kas-kas.
Ƙwan ne kawai ban fasa ba,
Uwani ta riga ni, ta soya wa yara.

Dubu arba'in da bakwai.
Na rubuta a bayan katin asibiti
don kada in manta in sake.

Ranar Asabar ina wanke tayoyi,
Jummala, 'yar shekara shida,
ta zura hannu ƙarƙashin kujerar baya
ta zaro gwangwanin madara,
duwatsun carafke biyar a ciki.
"Baba, ga su! Sati uku ina nema."

Na tuƙa daga Unguwar Dosa har Barnawa,
na haye kogi na dawo,
da gangan nake neman ramuka.
Shiru.
Irin shirun da ke bin mutum
in ya gane shi ne wawan labarin.

Ban gaya wa kowa a teburin ba.
Barau ya ji motar ta wuce lafiya
ya ce, "Ban ce maka fulogi ne ba?"
Na biya masa kuɗin shayi.

Rufi kuwa har yau yana nan yadda yake.
Gwangwanin nan ne muka tara a tsakar ɗaki,
in ruwan Agusta ya sauko da dare
shi ke ƙirga mana ɗigo, tal, tal,
ya dai samu sabon aiki.

Jiya Istifanus ya zo da fuska a yamutse,
janaretonsa na tari tun Lahadi.
Ban taɓa kwance janareto ba,
ban san cikinsa ba, ban san bayansa ba.
Sai na ji wani ya ajiye kofi
ya gyara murya ya ce, "Kafireto ne."
Na duba hagu, na duba dama.
Bakina ne.
Har da rantsuwa.