Shirun da ke Cikin Kaset

A Bilbis gidanmu bai san shiru ba.
Tun asuba turmin Inna ke gardama da na maƙwabta,
jakin Anaruwa yana kai ƙarar duniya sama,
injin niƙa ya kama tari har azahar,
mu kuma yara bakwai, kowa da bakinsa.
In kana so a ji ka, sai ka taka maganar wani ka wuce.

A lakwal na fara gamuwa da shiru.
Mushe na da ƙashin akuya ɗaure a zare,
wanda Hausa ta suɓuce masa, shi ke kwana da shi a wuya.
Sau uku na sha shi a wata guda.
Daga nan na ɗaure bakina kamar bakin salka,
kalmomi na ta motsi a ciki, ba sa zuba.

Baba yana Abijan.
Sau biyu a shekara kaset ke isowa Tawa
a aljihun Ɗan Jimma, naɗe cikin leda.
Inna ta sayo pil huɗu, a shimfiɗa tabarma,
a kori kaji.
Sai ga muryarsa, ta rame kaɗan.
Ya gaida mu ɗaya bayan ɗaya, har tunkiyar da aka riga aka sayar.
A bayansa motoci na ihu,
ruwa na dukan kwano,
wata mata na talla da harshen da ba mu sani ba.

Can sai ya ce, “Kuluwa,”
ya tsaya.

Kaset na juyawa.
Ruwan nan na ƙasar wasu na ta zuba a tsakar gidanmu.
Na ƙirga har arba'in da ɗaya
kafin ya yi gyaran murya ya ce a kula da rumbu.

Yayana Ilu ya kai hannu zai tura gaba,
wai wurin ba komai, pil kawai yake ci.
Inna ta buge hannun, ba ta ko dube shi ba.

Da dare na gan ta ta ramin asabari,
ta zura bik ɗina cikin idon kaset
tana mai da zaren baya a hankali,
don ta sake jin wurin da ba komai.

Ni ke rubuta amsa, ni ne ɗan lakwal.
Na yago takarda daga tsakiyar kaye.
Ta ce, rubuta muna lafiya,
rubuta tabkin Babaye ya cika bana,
rubuta Sahiya ta yi haƙori.
Sai ta yi shiru tana murza bakin zanenta.
Na ce, Inna, sai me?
Ta ce, bar masa wurin.
Na ce, layi nawa?
Ta dubi takardar, ita da ba ta san baƙi ba,
ta aza yatsu uku.

Yau ina rubutu a ɗakin da ke kallon tasha,
kabu-kabu na yanka mini jimla gida biyu.
Mai buga littafi yana ƙorafin takarda ta yi tsada,
me ya sa nake barin fili haka?
Ban taɓa ba shi amsa ba.

Kaset ɗin na nan cikin kwallar Inna.
Zafi ya lanƙwasa muryar Baba, sunayenmu duk sun narke.
Wurin nan ne kawai bai tsufa ba.