Kina Nan?

Ranar Talata ce ta mutu.
Motocin wake bakwai a ƙofar biro,
direbobi na jiran takardar fita ta Ɗan Isa,
Habsu ta danna, ta danna, ta sake dannawa,
ko fallen takarda bai leƙo ba.
Ƴar akwati ce a bayan kabad,
ita ke karɓar aiken kowane tebur,
ta jera su layi, ta miƙa wa injin bugawa.
Shekara shida ba wanda ya san da zamanta
sai ran da ta yi shiru.

Na ce wa Elhaji Ma'azu: a sayo biyu.
Ya ce: ta biyun aikin me?
Na ce: zama.
Ya zare tabarau ya dube ni.
Jaka ɗari uku don zama, Tsahiru?
Na ce: tayar da ke ɗaure ƙarƙashin motarka,
kilomita nawa ta taka bana?
Bai tanka ba. Bayan la'asar ya sa hannu.

Ɗaya na aje ɗakin lissafi,
ɗaya can cikin sito, nesa da inda rufi ke yoyo.
Kowace da wayarta, kowace da batirinta,
don guga biyu a igiya ɗaya
guga ɗaya ne ranar da igiya ta tsinke.
Abin da babba ta sani, ƙarama ta haddace:
sunan kowane inji, da wanda ke cin takarda.

Duk daƙiƙa biyar ƙarama na tambaya:
kina nan?
Babba ta ce: ina nan.
In ta kira sau uku ba amsa,
sai ta ɗauki sunan ƴar'uwarta ta hau aiki,
ba kuka, ba zaman makoki.

Sau ɗaya ɓera ya ci wayar da ke tsakaninsu.
Kowace ta ɗauka ɗayar ta rasu,
kowane rasit ya fito biyu.
Na sa musu shaida na uku, mai raba gardama.

Juma'a, in biro ya watse,
ni da kaina nake zare wa babba wuta,
in tsaya da agogo a hannu.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jiya Habsu ta ce: to kai fa,
in zazzaɓi ya kayar da kai, wa ke bayanka?
Na sayo littafi a Babbar Kasuwa,
na rubuta komai, har inda makulli yake,
na zaunar da ita ta zare wayar da hannunta.

Da dare, wuta ta ɗauke a Ali Ɗan Sofo.
Na kwanta a tsakar gida ina jin su a raina,
su biyu cikin duhu, suna tambayar juna.
Na laluba salula, na kira yayata a Tibiri,
rabon da in ji muryarta tun girbin gero.
Ta ɗauka da muryar barci.
Na ce: kina nan?