Faso

Ni ne Ɗanliti mai yankan farce,
shekara ashirin a gindin darbejiya
daura da ƙofar majalisa.
Fuskar manya ban riƙe ta ba,
ƙafafunsu na sani.

Ranar da Nomau ya fara zuwa
motar tumatir ce ta sauke shi a 'Yankaba,
ya ƙaraso a ƙafa, wai kuɗin ɗan sahu ya yi yawa.
Babbar riga ta aro, da sauran karin ninki.
Ya zauna a bencina ya tuɓe takalmi,
ya ce, "Gyara ni, yau za su rantsar da ni."

Na ga dunduniya.
Faso kamar fadamar Ruwan Kanya da bazara,
in ka soka kwabo zai tsaya da kansa.
Ƙarƙashin farce baƙar laka
wadda sabulu ya gaji ya bar wa mai ita.
Aska ta dakushe.
Na nemi kuɗin mutum biyu, ya yi dariya ya biya na ɗaya.

A ciki, in ji masinja Ilu,
da ya miƙe sai a fara murmushi.
Ba ya cewa shekara, damina yake cewa.
Kowa na zancen gadar sama,
shi kwalbati yake nema
a rafin da ya ci jakin Mati da buhun wake biyu.
Ya zaro zangarniyar gero marar ƙwaya daga aljihu
ya ɗora a teburin shugaba:
"Ga abin da ake girba in taki ya iso bayan ruwa ya ɗauke."
Aka ce ya zauna.
Aka miƙa wa kwamiti,
rijiya gaba dubu, ba a jin faɗuwar guga.

A gidan da aka ba shi a Nassarawa
ya tuge furanni ya shuka kuɓewa.
Maƙwabta suka kai ƙara,
daga baya suka riƙa aiko yara da kwano.

Damina huɗu, aka sake zaɓensa.
Kwalbati ya samu, da burtsatse biyu,
ɗaya ta ƙafe kafin fentin allonta ya bushe.
Ni kuwa ina ganin abin da jarida ba ta gani:
faso yana rufewa.
Safa ta zo, man shafawa ya zo, mota mai sanyi,
dunduniya ta yi laushi kamar gurasa.

Wata Laraba direba ya kira ni cikin mota,
gilas a rufe,
mutanen garinsu na tsaye a ƙofa
da takardun asibiti a leda.
Bai dube su ba. Ni ma ban dube shi ba.
Na yanke, na kankare, ko ƙwayar ƙasa ban samu ba.
Ya ce, "Ɗanliti, an yi ruwa jiya?"
Na ce, "An kwana ana yi, ranka ya daɗe."
Ya yi shiru har na gama ɗaya ƙafar.

Zaɓen fid da gwani ya zo,
aka ba wani yaro mai gidan mai.
Hotunan Nomau suka ɓaɓɓare a bango,
akuya na cin gefen hularsa.

Bara na je Dawanau awon dawa,
na ji wata murya kan cinikin riɗi
tana rantsuwa ba ta rage ko sisi.
Shi ne. Gemu ya yi fari,
silifa ɗaya an ɗaure ta da waya.
Na ce, "Onarabul!" Ya ce in bari.
Ya ce kwalbatin na nan, ruwa bai ci shi ba,
takin kuwa har gobe yana makara.

Sai ya zauna kan buhu ya miƙo ƙafa.
Ban zo da almakashi ba.
Na dai riƙe dunduniyar a tafin hannuna
ina duban faso, sabo, bai kai zurfin na da ba,
ƙwayar riɗi guda ta maƙale a ciki.