Laka Ba Ta Mantuwa

Ni na tuƙa mata kwalekwale
zuwa cibiyar tafki, gindin dutsen Kwatarkwashi.
Malama Tumba ta soka bututu,
ya fito da laka kamu shida.

Ta tsaga shi kamar rake.
"Baƙin nan damina ce mai albarka,
ga garin furen ɗorawa ciki.
Farin yashin nan kuwa,
shekarun da sama ta yi rowa ne."

Na ɗora yatsa kan yashin,
faɗinsa bai kai farcena ba.
Nan kakata Barmani ta tone gidan tururuwa
tana neman tsabar gero.
Nan ta binne 'ya'ya biyu.

Malama ta rubuta lamba jikin leda.
Na wanke hannu a tafkin,
amma tuwon dare ya ƙi wuce maƙogwarona.