Rijiyar Tanimu

Kafin ƙararrawa, rijiya aka fara.
Wannan ba ya cikin littafin da suka buga,
mai bango mai sheƙi da hoton Fada a gaba.
Ni a bakin kakana na ji,
yana tauna goro da haƙoran da suka rage masa.

Ya ce Fada Kiliyan a kwalekwale ya iso Ijede,
fuskarsa ja kamar an shafa manja,
da akwati ɗaya, da baƙin allo, da zazzaɓi.
Ruwan bakin gaɓa duk gishiri.
Yara bakwai suka zo karatu,
uku suka koma gida riƙe da ciki.
Sai aka aika Agege: a nemo mai haƙa.

Gaba goma sha ɗaya Tanimu ya nutsa,
yashi na rufta masa, yana kwashewa.
In azahar ta yi, ya fito ya shimfiɗa buhu,
Fada ya ja yaransa gefe, yatsa a leɓe,
har sai an sallame.
Ranar da ruwa ya ɓuɓɓugo, ba mai jin yaren wani.
Wannan ya yi hamdala, wancan ya yi alamar gicciye,
a ƙwarya ɗaya suka sha.

Daga nan abin ya kama yaɗo irin na kabewa.
Rumfar kaba ta zama kwano,
kwano ya haifi bene.
Sista Adunni ta zo da keken ɗinki da tsumagiya,
ta buɗe ajin 'yan mata a ɗakin ajiyar garin rogo,
har yau tsofaffinsu na cewa lissafi tsami gare shi.

An yi shekarun da hukuma ta karɓe makaranta,
tagogi suka rasa gilashi,
awaki suka ɗauki darasi kyauta,
ƙararrawar ma wani ya auna wa 'yan gwangwan.
Da aka mayar da ita, tsofaffin ɗalibai suka dawo
da tumbi da furfura, kowa da buhun siminti,
matan coci na suyar ƙosai a bakin titi,
suna tara canji a gwangwanin madara.

Kwalejin malamai. Sannan jira.
Shekara tara takarda na safa da marwa,
daga Ikko zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Ikko.
Fada biyu aka binne a bayan coci
suna sauraron hatimi ɗaya.

Yau ga ta, jami'a.
Ƙofa mai gadi huɗu, janareta ba ya tari.
Yara daga Warri, daga Jos, daga Kwatano,
kowa kunnensa toshe da waya,
suna shan ruwan roba suna jefar da murfi.

Ni, Ladidi, a laburare nake aiki,
hawa na biyu, kusa da taga mai kallon ruwa.
Ran wata Laraba ina kakkaɓe tsofaffin kundaye,
na ci karo da rubutun Fada, tawada ta koɗe:
Bahaushe, rijiya, fam biyu da sule goma.
Shi ke nan. Ko suna babu.
Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi.
Na ɗauko fensir, don an hana biro a ɗakin,
na rubuta Tanimu a gefe, ƙanana,
yadda ba za a kore ni ba.

Rijiyar tana nan.
An rufe ta da kankare a wurin ajiye motoci,
daidai inda shugaban jami'a ke tsayar da tasa.
In ya tafi taro, da yamma,
nakan bi ta wurin in buga diddige sau biyu.
Ko'ina ƙasa shiru take yi.
Nan kaɗai take amsawa.