Itacen da Ke Amsawa

Kakana Ilarie ya kurmance tun bara,
amma ran da dusar ƙanƙara ta fara rufe tsaunukan Gurghiu
ya ɗauko gatari, ya miƙo mini ƙotar,
ya ce, Domnika, yau ke ce kunnena.

A gindin tudu muka ci karo da itacen ok.
Ko makaho ya san shi, in ji Kaka:
ɓawo kaushi kamar faso a diddige,
bakin ganye lanƙwasa bayan lanƙwasa,
'ya'ya kowane da 'yar hularsa.
Wannan na ƙyaure ne, da azara, da gada.
Yana ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar murya.
Muka gaishe shi muka wuce.

Mefil kuwa tuni ya tuɓe.
Na tsinci ganyensa, yatsu biyar, tafi a buɗe,
da irinsa mai fiffike da ke juyi kafin ya taɓa ƙasa.
Kaka ya kankare ɓawon, faɗin farce,
ya sa babban yatsa yana lalube.
Cikin ɗari, ɗaya ke da igiyar ruwa a tsokarsa,
shi ake yi wa goge baya da wuya.
Wannan ba shi da ita.
Ya shafe raunin da yawu, ya ce masa, yi haƙuri.

Sai can sama, inda numfashi ke guntulewa,
inda sifurus ke tsaye kore shar cikin fari,
allurarsa gajeru suna mirginawa tsakanin yatsu,
'ya'yansa a rataye, kai ƙasa.
Rabu da na bakin hanya, rana ta sangarta shi.
Nemi wanda sanyi ya hana sauri,
miƙaƙƙe sambal, ba reshe sai ƙololuwa,
shekarunsa a matse kamar bakin littafi.

Na bugi na farko da ƙeyar gatari: dum, kamar buhu.
Na biyu. Na bakwai. Na sha ɗaya.
Hannuna ya mutu. Na ce, Kaka, duk ɗaya nake ji.
Bai ji ni ba, ai.

Ya cire hula, ya buɗe baki,
ya kafa haƙoran da suka rage masa a jikin na sha biyu,
ya ɗaga mini yatsa. Na buga.
Na ga amon ya shige shi ta muƙamuƙi,
ya hau har idanu, ya sauko ruwa.
Sannan ni ma na ji:
wani siririn sauti yana hawan itacen,
ya ƙi dawowa.

Ya yi masa alama da jan alli.
Sai wata ya yi nisa za a sare, in ji shi,
a tsaga, a jera a rumfa, ya sha iska shekara goma.
Shekarun Kaka tamanin da uku.
Na yi lissafi, na haɗiye.

Muna saukowa ya tsaya wurin ok ɗin nan,
ya ware hannu ya auna kaurinsa,
ya dubi tsawon kansa,
ya yi dariya, ƙaro manne a leɓensa:
shi ma kada ki manta inda yake.