Matakala Ɗari da Sittin

A Valparaíso gidaje sun hau duwatsu kamar awaki,
kowane da launinsa, kowane da matakalarsa.
Can na gina wa asibitin unguwa shafin yanar gizo.
Na sa teku yana kaɗawa a samansa,
rubutu siriri, ruwan toka a kan fari.
Na ja da baya na kalle shi,
na yaba wa kaina tun kafin kowa ya yaba.

Ran Talata Don Anselmo Barría ya hauro,
sanda a dama, numfashi sama-sama.
Shekara talatin yana ɗinkin koma a bakin ruwa
kafin ciwon suga ya hure masa fitila.
Ya sa abin sauraro a kunne guda, ya miƙo mini gudan.
Muryar na'ura ta soma karanta aikina:
"Hoto. Hoto. Maɓalli. Danna nan. Danna nan. Hoto."

Ya ce, "'Yata, nan ɗin ina?
Ko a kasuwar Caleta Portales
mai talla kan faɗi sunan kifinsa."

An ce gani ya kori ji.
Ranar nan ji ne ya kori gani.
Abin da na ƙera kyan ɗan maciji ne.

Daren nan na bi hotuna ɗaya-ɗaya ina raɗa musu suna:
ƙofar asibiti, shuɗiya, da gangara ta hagu.
Na ba kowane maɓalli bakin magana:
nemi ganin likita, soke, koma baya.
Na jera kanun shafi, babba gaba, ƙanana biye,
don mai tafiya da kunne ya san inda kwana take.
Tekun kuwa na tsayar da shi cak.
Dama data yake sha wa masu tsohuwar waya.

Na ɗauka an gama.
Sai ga Fresia mai gasa burodi, hannu na rawa,
linzami na zille mata kamar sabulu a ruwa.
Ta cika fom har layi na tara,
lokaci ya ƙare, shafi ya share komai.
Ba ta yi faɗa ba. Tagumi ta yi.
Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Nicanor direban tasi dariya ya yi tasa:
"Kin ce kuskure na cikin ja.
Ni ja da kore uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.
Rubuta mini da kalma, wane layi, me ya ɓata."

Na ƙara wa rubutu duhu da girma,
na faɗaɗa maɓallai su ɗauki babban yatsa,
na cire agogon da ke korar mutane.
Bidiyon likita na sa masa rubutu a ƙasa
saboda wata yarinya da ba ta ji,
wadda ban ma tambayi sunanta ba,
har yau abin yana damuna.

A watan Yuli, ruwa na tsuga,
na zame a matakala ta casa'in da biyu.
Hannun dama ya karye, tabarau ya tarwatse.
Washegari, da hagu, ido dishi-dishi,
na buɗe shafin ina neman likitan ƙashi.
Ban taɓa linzami ba.
Madanni guda ya bi da ni ƙofa-ƙofa,
kowace ta haska, ta faɗi sunanta.

A layin jira na tarar da Don Anselmo.
Ya shafa filastar hannuna, ya ƙwanƙwasa ta.
Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Barka da shigowa ɗakin.
Af, shafin karɓar magani fa,
har yanzu akwai maɓalli guda da bai da suna."